Yadda Na Ƙetare Akra da Buhun Rassan Mangwaro

Sunana Ishaya, sana'ata auren bishiyoyi, wato ɗaura reshen iri mai kyau a kan dashe. Lambuna yana Samaru, a bakin hanyar Shika, kuma duk wanda ya taɓa sayen dashen mangwaro ko na lemo a hannuna ya san ba na son a tsallake layi. Kowane abu yana da wanda yake gabansa. Ana wasa wuƙa kafin a yanki reshe, ana jiƙa buhu kafin a naɗe shi, ana gaisuwa kafin a faɗi buƙata. Haka mahaifina ya koya mini, haka nake koya wa 'ya'yana. Zan ba da labarin wata Asabar a ƙasar Gana, ranar da wannan tsari ya kusa sa ni asarar aiki.

Watana biyu ke nan a gonar wani mutum da ake kira Mista Tete, kusa da garin Somanya. Yana da dashen mangwaro masu yawa da aka tsira daga ƙwallo, yana so a ɗora musu iri mai kyau. Ma'aikatansa ba su ji daɗin an ɗauko mutum tun daga Najeriya ba, kuma ba su ɓoye mini ba. Shi ma Mista Tete bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce gwaji zan fara yi da dashe ɗari uku. In sun kama, gonar duka a hannuna take har ƙarshen shekara. In ba su kama ba, zai sa ni a mota in koma wurin matata Saratu.

Uwayen bishiyoyin da za a yanko rassan suna lambun wani tsoho a Kasowa, can ɗaya gefen Akra, kuma yanka ɗaya tak ya yarda a yi. Ranar Juma'a direban gona, Kwami, ya kai ni a akori-kura. Na zaɓi rassa masu kaurin fensir, na cire ganye, na ɗaure su hamsin-hamsin, na kwantar da su cikin jiƙaƙƙen garin katako, na naɗe da buhun algarara. Reshen da aka yanka yana da rai, amma ransa a ruwan jikinsa yake. In ya bushe, ko wane ne ya ɗaura shi ba zai kama ba.

Ina cikin ɗaurin ƙarshe Kwami ya leƙo ya ce zai sha mai ya dawo yanzu. Jakata tana gaban motar, da wayata da kuɗin guzurina a ciki. Na ce ya je.

Bai dawo ba. Mai lambun ya riga ya tafi garinsu, sai mai gadi, wanda ba ya jin Hausa kuma Turancinsa bai fi nawa ba. Ya miƙo mini wayarsa in kira, a nan na gane lamba ɗaya ce kawai a kaina, ta Saratu, ita kuwa ba abin da za ta yi mini daga Samaru sai kuka. Na kwana a rumfarsa. Da gari ya waye ya ba ni koko, na yayyafa wa buhu ruwa, na kankare bayan reshe ɗaya da farce. Kore ne shar, da danshi, da ƙamshin ƙaron mangwaro. Na lissafa cewa in na kai su gona kafin faɗuwar rana za su rayu. A aljihuna akwai wuƙar aiki da 'yan canji da ba za su kai ni ko rabin hanya ba. Na yanke shawara canjin na ruwan buhu ne, ni kuma zan roƙi masu mota.

Zango na farko, bakin titin Kasowa. A Zariya in ka tsaya a Kwangila ka ɗaga hannu, ba za a daɗe ba wani zai tsaya, ko wanda ya san ka ko wanda ya san mai unguwarku. Na ɗaga hannu kamar yadda na saba. Bayan kusan rabin awa wata farar mota ta rage gudu, mai ita ya sauke gilashi. Na sunkuya, na ce da Turanci, "Barka da asuba, ranka ya daɗe. An tashi lafiya? Yaya iyali?" Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ɗaga gilashi ya wuce. Na ce a raina wannan ba a yi masa tarbiyya ba.

Abin da ya fitar da ni daga Kasowa cunkoso ne. Motoci suka tsaya cik, wata tifa cike da yashi tana gefena. Direban ya ga ina tafiya da buhu a ka, ya yi mini nuni da babban yatsa zuwa baya. Ƙarar injin ba ta bar mu mun yi magana ba. Na hau, na tarar yashin jiƙaƙƙe ne, sai na tona rami na binne buhun, na zauna a gefensa. Wannan ce tafiyar da ta fi yi wa rassan daɗi a ranar. Daga saman tifar na ga garin, gidaje a kan tudu, gidaje a kwari, shaguna manne da shaguna. Ina ta jiran inda gini zai ƙare gona ta fara, kamar yadda in ka bar Samaru ka nufi Shika sai masara dama da hagu. Ban ga ko kunya ɗaya ba.

Zango na biyu, wata babbar mararraba da suke kira Malam. A nan tifar ta karkata, na sauka. Rana ta fara zafi. Na sayi ruwan leda biyu a wurin wata mata da ke ɗauke da roba a ka, na fasa su a kan buhu. Ta tsaya tana kallona.

Mota ta biyu ta tsaya, na gaishe da mai ita yadda ya kamata. Ban kai ga "yaya aiki" ba na baya suka danna oda, ya ja motarsa. Ta uku wata mata ce ke tuƙi. Na ce, "Barka da hantsi, uwargida, yaya gida, yaya yara?" Ta zaro wani ɗan canji ta miƙo mini ta taga. Na ja da baya kamar an watsa mini ruwan zafi. Shekaruna arba'in da bakwai a lokacin, ban taɓa miƙa hannu an sa mini sadaka ba.

Sai na ji dariya a bayana, da Hausa kuma.

"Kawu, wa'azi ka zo yi ko mota kake nema?"

Mai ruwan ledar ce. Sunanta Hajara, 'yar unguwar Nima, iyayenta daga arewacin ƙasar suke. Na ce mata mota nake nema, amma mutanen garinsu ba su san gaisuwa ba.

Ta ce, "Sun sani mana. Je ka gidansu ka gani, sai ka gaji. Amma nan titi ne. Duk wanda ya fara da yaya iyali a bakin titin nan, ƙarshen maganarsa ita ce an sace masa jaka a taimaka masa."

Na ce, "Ai ni ma an tafi da jakata."

Ta riƙe robarta da hannu biyu don kada dariya ta zubar mata da ita. "To ka gani! Kada ma ka faɗa. Ina za ka?"

"Somanya."

"Kai! Kawu, kana Akra tukuna, kuma za ka daɗe a cikinta. Ba mai zuwa Somanya daga nan. Madina za ka ce. In ka kai Madina ka ce Adenta. In ka kai Adenta, can ne bakin gari, sai ka ce Somanya. Sunan wurin kawai, da ƙarfi, tun motar ba ta tsaya ba. In ka shiga ka zauna, ka gaishe shi har kakanninsa."

Na ce, "Baiwar Allah, wannan ai rashin kunya ne. A tare mutum a jefa masa sunan gari kamar kwandasta?"

Ta taɓa buhun da ƙafa. "Me ke ciki?"

Na gaya mata. Ta ce, "To su itatuwan naka suna jin gaisuwa?"

Na sunkuya. Na kwance bakin buhun na duba. Na ciki lafiya lau, amma ɗaurin da ke sama ya fara yanƙwanewa a baki. Na ɗaure, na koma bakin titi. Wata motar kaya tana tahowa, an jibga mata kujerun roba. Na buɗe baki, sai da na ji kamar ina zagin mutum, na ce, "Madina!" Ya taka birki. Hajara ta cusa mini ruwan leda ɗaya a aljihu, ta ce wannan nawa ne ba na itace ba, ta tafi tana kiran masu saye. Ban ma yi mata godiya yadda ya dace ba, abin yana damuna har yau.

Zango na uku ba Madina ba ce, ko da yake haka mai kujerun ya ce. Na gaishe shi bayan na zauna, ya amsa da ka. Muka yi ta tafiya, gada bisa gada, kasuwa bayan kasuwa, sannan ya saki babban titi ya shiga unguwa, ya tsaya a wani gida da aka kafa rumfunan makoki, kowa sanye da baƙi da ja. Ya ce in taya shi sauke kujeru mu wuce. Na ajiye buhu a inuwar katanga, na sauke, na jera su goma-goma, don ba na iya jibge kaya haka kawai. Da muka gama sai ya ce shi a nan zai wuni, Madina ba nisa, in bi titin nan. Ashe ɗan dako yake nema. Na dube shi da kyau, na juya wurin buhuna. Inuwar katangar kuwa ta matsa tun tuni, buhun yana cikin rana.

Wata mata daga masu girki ta ga ina taɓa buhun ina girgiza kai. Ba mu da harshe ɗaya. Ta kawo bokitin ruwa, na tsoma buhun gaba ɗaya, ta kuma naɗo mini shinkafa a ganye. A tsaye na ci. Ina ci ina jin ƙungiyar mata suna rera waƙar coci da yarensu, da irin muryar da matan zumunta suke yi a cocinmu na Palladan, kuma na san a daidai lokacin Saratu tana can wurin koyon waƙar Asabar. Na ɗauki buhuna na bar wurin kafin abin ya yi mini yawa.

"Ba nisa" ɗin nan ya ci mini fiye da awa ɗaya a ƙafa. Daga Madina wani mai babur da ke ɗauke da kwalayen taliya ya ɗora ni a bayan kayansa zuwa Adenta. Shi ma sunan wurin kawai na jefa masa. Na lura a karo na biyu abin bai yi mini ɗaci kamar na farko ba, kuma wannan bai yi mini daɗi ba.

Zango na ƙarshe, bakin Adenta, wajen ƙarfe uku. Canjina ya ƙare a ruwa. Ruwan da Hajara ta ce nawa ne, shi ma buhun ya sha. Na kankare reshe daga ɗaurin sama, ya yi ruwan ƙasa, ya mutu. Na ciro ɗaurin na duba na ƙarƙashinsa, da sauran rai amma ba yawa. Na tsaya ina kiran Somanya har muryata ta dushe. Masu motocin haya suna tsayawa, in na ce ba ni da kuɗi su wuce.

Sai ga wata tsohuwar mota ruwan toka, wata mata mai tabarau tana tuƙi, da wata tsohuwa a kujerar baya. Tun ba su tsaya ba na ruga na ce, "Somanya! Somanya!"

Gilashin baya ya sauka a hankali. Tsohuwar ta dubi hulata, ta dubi fuskata, ta ce da Hausa tsantsa, irin ta cikin Sabon Garin Zariya, "Kai, wane gari ne naku da ba a gaisuwa?"

Na daskare. Tun ina yaro ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Ni ne mai yi wa mutane ita.

Na cire hula, na durƙusa a bakin titin da buhuna a hannu. "Mama, ki gafarce ni. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya gida?"

"Lafiya. Yaya iyali? Yaya baƙunta?"

Na baya suna ta oda, mai tuƙin, ashe 'yarta ce, tana cewa da Turanci a yi sauri, tsohuwar ko a jikinta. Sai da muka kai ƙarshe, har da madalla, sannan ta ce, "To, yanzu ka zama mutum. Ɗan ina ne?"

"Zariya, Mama. Samaru."

Ta dafa ƙirji. "Shigo, ɗana. Shigo."

Sunanta Mama Efuwa. Shekara goma sha ɗaya ta yi a Sabon Gari tana sayar da dokunu, tuwon masarar nan na Gana, kusa da tashar jirgi, mijinta yana koyarwa, har lokacin da aka ce baƙi su koma ƙasashensu. Wadda ke tuƙin ma a Zariya aka haife ta, sai dai Hausarta ta gudu. Da na faɗi abin da ke cikin buhun, Mama ta sa aka buɗe kular da suka zuba kifi da ƙanƙara, muka shimfiɗa zani a kai, muka kwantar da buhun a sama don ya sha sanyi ba tare da ya taɓa ƙanƙarar ba. Daga nan ta shiga yi mini tambayoyi. Kasuwar Sabon Gari tana nan? Har yanzu Kubanni tana cika da damina? Ana samun rake mai kyau a hanyar Jama'a? Na gaya mata abin da na sani, wanda ya canza na ce ya canza. Na kuma ba ta labarin motocin da suka tsere mini saboda gaisuwa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Su suka sani. Ni da ba ka durƙusa ba, da ka ga ƙurarmu."

Bayan Oyibi ne gidaje suka fara sakin juna. Na ga gonar rogo ta farko, na ga tsauni, na ji numfashina ya dawo daidai. Su a garin Dodowa za su tsaya, amma Mama ta ce a wuce da ni har gona. 'Yar ta yi ƙorafin mai da dare. Mama ta ce, "A garinsu aka yanke miki cibiya, tuƙa mu je."

Mun isa rana tana kan tsauni. Kafin su juya Mama ta riƙe hannuna ta ce in na koma gida in nemi wata maƙwabciyarta a Sabon Gari, Maman Ngozi, mai sayar da busasshen kifi, in ce Efuwa tana gaishe ta. Ta kwatanta mini layin da gidan. Na ce zan kai.

Ban shiga ɗaki ba, ban nemi Kwami ba. Na wasa wuƙa, na zauna a kan kututture, na fara. A tsaga dashe, a fere reshe gefe biyu, a zura, a ɗaure da leda daga ƙasa zuwa sama. Ma'aikatan suka taru suna kallo. Can babbansu, wanda bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba, ya tsuguna ya fara miƙo mini leda. Muka yi har haske ya ƙare, sauran muka ƙarasa da sassafe kafin coci. Ɗauri ɗaya na zubar gaba ɗaya, ban ɗora matacce don cika lissafi ba, kuma na gaya wa Mista Tete haka.

Kwami ya dawo ranar Lahadi da yamma da labarin lalacewar mota. Daga baya aka gano fasinja ya kwasa zuwa wani biki. Jakata tana nan yadda na bar ta. Tsakaninsa da mai gona ne, ban sa baki ba.

Mako uku ana jira. A cikin ɗari biyu da hamsin da na ɗaura, ɗari biyu da tara suka fito da jan toho. Mista Tete ya bi layin yana ƙirgawa da sanda, ya kai ƙarshe, ya ce in aika wa matata cewa sai Kirsimeti. Daga ƙarshe ma shekara biyu na yi a gonar. Da abin da na samu na faɗaɗa lambun nan na Samaru.

Mako guda da dawowata na hau mota zuwa Sabon Gari. Layin yana nan, gidan ma yana nan, an yi masa sabon fenti. Na yi sallama, wata tsohuwa ta fito da muciya a hannu, na tabbata ita ce. Na cire hula na fara: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya kasuwa.

Ta katse ni. "Malam, faɗi abin da ya kawo ka, tuwona yana kan wuta."

Na tuna Hajara, na kusa yin dariya. Amma ranar ba buhu a hannuna, ba abin da zai bushe. Sai da na kai gaisuwata ƙarshe, sannan na ce, "Efuwa mai dokunu tana gaishe ki."

Muciyar ta faɗi daga hannunta. Tuwon kuwa ya ƙone, don sai bayan azahar ta bar ni na tafi.